Dodo ko Long? Matsalar Fassara Tsakanin Adabin Hausa da na Sin

1.0 Gabatarwa

Unguwar Briqueterie, matattarar Hausawan Yawunde, tana maƙwabtaka da babban zauren wasanni na Warda, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 2009. Tun 2007 kuma ake koyar da Sinanci a Cibiyar Confucius ta Jami'ar Yawunde ta Biyu. Saboda haka Bahaushen Kamaru yakan haɗu da hoton wata halitta mai jikin maciji wadda Sinawa ke kira long, shi kuwa sai ya ce mata dodo. Manufar wannan takarda ita ce auna dacewar wannan fassara.

2.0 Dodo da Macijin Kusugu

A tatsuniyoyin Hausa, kamar waɗanda Frank Edgar ya fara wallafawa a 1911, Dodo abin tsoro ne. Yakan zauna a ruwa ko a dawa, yana haɗiye mutane, wani lokaci har yakan nemi a ba shi budurwa. Ba a roƙonsa alheri, sai dai a guje masa ko a yi masa dabara.

Haka zancen yake a tarihihin Bayajida. Macijin rijiyar Kusugu ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Da baƙo ya sare kansa, sai ya auri Sarauniya Daurama. Wato a nan kisan mai tsare ruwa shi ne tsanin hawa sarauta.

3.0 Long a Adabi da Zanen Sinawa

Masanan Sin na dauri sun siffanta long da kan raƙumi, ƙahon barewa, wuyan maciji da faratan gaggafa. Shi ne mai riƙe da koguna da gizagizai a tunaninsu, kuma manoma sukan je ɗakunan bautarsa roƙon ruwa idan an yi fari. Gaskiya ne idan ya fusata yakan jawo ambaliya, amma galibi alama ce ta albarka. A zamanin daulolin Ming da Qing, long mai farce biyar tambarin sarkin sarakuna ne, ba a yarda talaka ya sa shi a tufa ba.

Zanen long guda tara da Chen Rong ya yi a 1244, wanda ke ajiye a Boston ta Amurka, ya fito da wannan fili. Halittun suna ɓulla suna ɓacewa cikin hazo da igiyar ruwa, babu jarumi, babu takobi. Mai kallo kwarjini yake gani, ba abokin gaba ba.

4.0 Kammalawa

Ruwa ne ya haɗa waɗannan halittu, shi ne kuma ya raba su: macijin Kusugu hanawa yake yi, long kuwa bayarwa. Kama da wane ba ta wane. Ɗalibin da ya fassara long da dodo ya mai da abin girmamawar wata al'umma abin razana yara, kuma mai karatu zai rasa dalilin da sarki zai yi ado da shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ari kalmar long yadda take, a yi mata taƙaitaccen bayani a farkon ambato, kamar yadda Hausa ta ari buraƙa daga Larabci ba ta ce mata doki ba.