4.3 Harshen Labaran Kasafin Kuɗi: Lafiya da Muhalli a Kunnen Mai Sauraro na Kaduna ta Arewa

A wannan sashe za a dubi yadda ake sarrafa Hausa wajen bayar da labarin kasafin kuɗin gwamnati, musamman kason lafiya da na muhalli, tare da auna abin da mai sauraro a unguwanni irin su Kawo da Unguwar Dosa da Malali da Unguwar Rimi yake ɗauka daga labarin. Kaduna ta daɗe da zama cibiyar watsa labarai da Hausa, domin tun 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a garin, wanda ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna daga baya. Kundin kasafi da Ingilishi ake rubuta shi, kuma mutane ƙalilan ne suke buɗa shi. Saboda haka abin da mai fassara ya faɗa, kusan shi ne kasafin a wurin talaka.

Matsalar ta fara ne daga ita kanta kalmar "kasafi". Asalinta daga aikatau "kasa" ne, wato rarraba abu kashi-kashi, kamar yadda mai tumatir yake kasa kayansa a Kasuwar Kawo, ko yadda ake kasa naman watanda ranar jajibere. Bahaushe ba ya kasa abin da babu shi a gabansa. Shi kuwa abin da gwamna yake kai wa Majalisar Dokoki a zauren Lugard ƙiyasi ne na kuɗin da ake fatan samu daga asusun tarayya da haraji da lamuni, da kuma yadda ake niyyar kashe su. Ke nan tun daga sunan an riga an gaya wa mai sauraro cewa kuɗin suna hannu. Kalmar ta zauna daram a harshe, ba mai iya tumɓuke ta yanzu, amma nauyin da ta ɗora wa sauran kalmomin labarin shi ne su gyara wannan fahimta. Abin takaici, sai suka ƙara ƙarfafa ta. Ga irin ƙirar jimlar da aka saba ji:

(1) Gwamnati ta ware naira biliyan kaza domin sashen lafiya.

"Ware" aiki ne na zahiri. Uwar gida takan ware wa wanda ba ya nan tuwonsa, manomi yakan ware iri daga hatsin ci. Abin da aka ware yana nan a ajiye, ana iya zuwa a gan shi. Bugu da ƙari, an gina jimlar a shuɗaɗɗen lokaci, "ta ware", alhali ba a fitar da ko kwabo ba. Tsakanin rubuta adadi a kundi da isar magani asibiti akwai matakai: majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu, baitulmali ya saki kuɗin, sannan ma'aikata ta kashe su. Hausa tana da aikatau na kowane mataki, wato "tsara" da "amince" da "saki" da "kashe", amma sau da yawa "ware" kaɗai ke ɗauke da su duka.

Wannan ba gardamar nahawu ba ce kawai. A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta riƙa bai wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Jihar Kaduna tana cikin jihohin da suka yi suna wajen cika wannan ma'auni a rubuce; alal misali a kasafin 2025 na kimanin naira biliyan 790, wanda gwamnatin Uba Sani ta gabatar, kason lafiya ya kai kusan kashi 16. Matar da ta ji wannan labari a Badarawa, sannan ta kai ɗanta asibiti aka rubuta mata magani ta saya a kemis, hukunci ɗaya za ta yanke: an sace kuɗin. Wataƙila an sace, wataƙila kuma ba a sake su ba tun farko, ko an sake su an yi gini da su. Waɗannan laifuffuka ne daban, masu su ma daban ne, amma harshen labarin bai ba ta abin da za ta rarrabe su da shi ba. Jihar tana fitar da rahoton aiwatar da kasafi bayan kowane wata uku, inda ake nuna abin da aka kashe a zahiri, sai dai wannan rahoto ba ya samun irin shelar da ranar gabatar da kasafi take samu.

Akwai inda masu fassara suka cancanci yabo. "Ayyukan yau da kullum" ƙirƙira ce mai kyau, ko yaro ya ji ta ya gane. Abokiyar tafiyarta ce, "manyan ayyuka", take da ɗan lauje cikin naɗi, domin idan gini da sayen na'ura su ne manya, to albashin ungozoma da man janareta sun zama ƙanana ke nan. A sha'anin lafiya kuwa ɗaki ba ya karɓar haihuwa.

Idan aka juya ga muhalli, duhun ya fi yawa. "Sauyin yanayi" magana ce da Bahaushe yake da ita tun kafin taron Paris na 2015 da dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021. Idan hunturu ya wuce bazara ta shigo, yara suka kama mura, cewa ake yi sauyin yanayi ne. Abu ne mai zuwa kowace shekara ya wuce, ba a neman gwamnati a kansa. To, mai sauraron da aka gaya wa an ware kuɗi domin "yaƙi da sauyin yanayi" yana da hujja idan ya yi dariya. "Ɗumamar yanayi" ta fi kusa da manufa, amma ita ma ba ta nuna wa mazaunin Unguwar Rimi ko Rafin Guza ko titin Kigo cewa ambaliyar Kogin Kaduna irin ta 2003 da ta 2015 tana cikin abin da ake magana a kai ba. Da za a ce:

(2) An tsara kashe kaza wajen yashe magudanai da gyaran gaɓar kogi kafin damina.

to da kowa ya san abin da zai je ya duba a watan Yuni. Ita ma "muhalli" tana da ma'ana biyu, domin a bakin mutane da yawa matsuguni take nufi, kamar a "ba shi da muhalli". Ba abin mamaki ba ne wani ya zaci Ma'aikatar Muhalli gidaje take rabawa.

Batun kare ire-iren tsirrai da dabbobi, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Riyo a 1992, har yanzu bai sami tsayayyen suna a Hausa ba. Wani ya ce "bambancin halittu", wani ya ce "rayayyun halittu", kuma duka biyun ba sa kawo hoton komai a zuciya. Mafi yawan lokuta akan tsallake shi a ce "gandun daji". Nan ma an gudu ba a tsira ba, domin tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku na Birnin Gwari, aka kuma sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, "daji" a kunnen mutumin Kaduna ya koma maganar tsaro. Alhali harshen cike yake da sunayen abubuwan da ake son karewa: ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da tsamiya, da ungulu wadda aka sanya cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015, da kada wanda aka fi cewa daga jam'insa garin ya sami suna. Dattijon da ya san mahauta a da ya san ungulu ta yi ƙaranci, ba sai an kawo masa kalmar aro ba.

Za a iya kare mai fassara da cewa labari yakan iso masa da Ingilishi mintoci kaɗan kafin a karanta, kuma "ware" ta fi "tsara kashewa" gajarta. Wannan uzuri ya karɓu a labaran ƙarfe kaza, amma bai karɓu a shirye-shiryen sharhi da na kiran waya ba, inda ake da rabin sa'a ko fiye, kuma ana iya tambayar kwamishina kai tsaye nawa aka saki daga abin da majalisa ta amince da shi bara.