Muryar Mace Mai Ratsa Jiki: Ɗan Tsokaci

A 'yan shekarun nan mun lura cewa ɗalibanmu a Gwagwalada da sauran sassan Abuja sun duƙufa wajen laluben wani irin sautin waƙa a intanet, wato muryar mace mai sanyi wadda kan sa mai sauraro ya ji kamar ya bar duniya. Mafi yawansu kan tsaya a kan Enya ta ƙasar Ayalan, wadda kundinta Watermark na 1988 ya yi fice saboda yadda ta jera muryarta bisa muryarta sau da yawa. Manufar wannan tsokaci ita ce mu tambaya: shin Bahaushe ba shi da irin wannan murya?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce waƙoƙin finafinan Hausa. Ba mu musanta gwanintar mawaƙiya irin Fati Nijar ba. Sai dai siririyar muryar da ta mamaye fagen an gina ta ne bisa salon Lata Mangeshkar ta Indiya, sannan na'ura ta goge ta har numfashin mai rerawa ya ɓace. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

A ganinmu, abin da ake nema yana cikin waƙar reno da ta niƙa da begen Annabi da mata kan rera a tsakar gida. Hatta amada, wadda Barmani Choge ta raya har rasuwarta a 2013, tana da amon ƙwarya da amshin mata masu lulluɓe murya, duk da zafin kiɗanta. 'Yan matan Illighadad na Nijar sun isa hujja: tun daga 2016 suka kai kiɗan tende, na turmi da ƙwarya a kan ruwa, kunnen Turai da Amurka.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da su ɗauki wayoyinsu su nufi Zuba da Suleja, su nemi izinin iyayenmu mata, su naɗi waɗannan muryoyi. Duk tsohuwar da ta kwanta dama ba a naɗe ta ba, ta tafi da waƙoƙinta ke nan.