Janar Ɗin Da Goya Ya Ƙi Yi Wa Kwalliya

Mun saba da hoton babban mutum. Ku duba kalandun da ake rabawa a unguwar nan ranar naɗin sarauta ko lokacin zaɓe: fuska sumul, ƙirji a buɗe, ido na kallon nesa kamar mai shi bai taɓa yin ciwon kai ba. Turawan da ma haka suke. Kafin a ƙirƙiro kyamara, janar mai sarauta kan biya mai zane ne don ya fito da shi kamar zaki. Shi ya sa hoton Duke na Wellington da Francisco Goya ya zana ya fita daban, har ya cancanci a tsaya a kansa.

Hoton yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan, kuma duk mai waya zai iya ganinsa a intanet. Ɗan ƙarami ne, a kan allon katako, tsayinsa bai wuce santimita 65 ba. Goya ya fara shi a 1812, bayan Arthur Wellesley ya ci sojojin Faransa a yaƙin Salamanca a watan Yuli, ya shiga Madrid a watan Agusta mutanen gari na ta yi masa shewa. Shekarunsa 43 a lokacin. Wato mutum ne da ke tsakiyar nasara, kuma abin da ake jira daga mai zane shi ne kirari.

To amma ku kalli fuskar. Idanu a waje, kamar na wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Baki a ɗan buɗe. Kumatu sun faɗa, rana ta gasa fatar. Babu doki, babu takobi, babu hayaƙin igwa a bayansa, sai duhu kawai. In ka rufe rigar da tafin hannunka ka bar kan, wallahi za ka ce direban tirela ne da ya sauka daga doguwar hanya yana neman inda zai kishingiɗa. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake. Watanni kaɗan kafin zanen, a watan Afrilu, sojojinsa sun kama garin Badajoz bayan asarar dubban rayuka, sannan suka shiga gari suna wawashe dukiyar mutanen da suka zo ceta. Wanda ya ba da umarnin wannan hari, ya ga gawawwakin yaransa jibge a bakin ganuwa, ba fuskar kalanda zai ɗauka ba. Shi kuma Goya, kurma ne tun shekarun 1790, ya ga abin da yaƙin ya yi wa ƙasarsa Sifaniya, yana ma cikin sassaƙa jerin zane-zanensa na ta'asar yaƙi. Mai irin wannan ido da wuya ya iya fadanci.

Sai dai daga wuya zuwa ƙasa ina da ƙorafi. Jar rigar ta cika da lambobin yabo, taurari a ƙirji, ɗamara a kafaɗa, wasu na reto a wuya. Ba duka ne ke nan tun farko ba. A 1814, shekarar da aka ba Wellesley sarautar Duke, Goya ya sake taɓa hoton ya ƙara lambobin da aka ba shi daga baya. Kuma ana gani. Fuskar an yi ta da natsuwa, lambobin kuwa an watsa su da sauri, kamar telan da ake tsaye a kansa daren salla. Kafaɗun sun ƙanƙance, jikin ya sandare, kai ka ce an ɗora kan mutum a kan rigar da ke rataye. Masu kare Goya za su ce da gangan ne, yana nuna cewa kayan girman sun fi ƙarfin mai su. Ni dai ban yarda gaba ɗaya ba. Gaggawa gaggawa ce, ko a hannun gwani. Abin da na yarda da shi shi ne, wannan sakacin bai kashe hoton ba, sai ma ya ƙara tura idon mai kallo sama, wajen fuskar.

Akwai wani ɗan abin dariya a tarihinsa. A 1961 aka tara fam 140,000 aka saya don kada ya tafi Amurka, kwana 19 da baje shi aka sace. Sai a 1965 ya dawo, ta ɗakin ajiyar kaya na wata tashar jirgin ƙasa a Birmingham. Wani tsohon direban bas, Kempton Bunton, ya miƙa kansa ya ce ya yi ne don nuna fushinsa kan kuɗin lasisin talabijin da ake karɓa daga tsofaffi. Kotu ta same shi da laifin satar firam ɗin kawai, ta ɗaure shi wata uku, domin shi firam ɗin bai dawo ba.