Mai Labaran Kisan Kai da Asirin Triniti

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Dorothy L. Sayers ta fitar da littafi mai suna The Mind of the Maker. Mutanen Ingila sun san ta ne da labaran binciken kisan kai, waɗanda gwarzonsu shi ne Lord Peter Wimsey. Sai ga ta ta tunkari akidar da ta fi kowace wuyar bayani a addinin Kirista, wato Triniti: Allah ɗaya ne, amma Uba ne, Ɗa ne, Ruhu Mai Tsarki ne, kuma su ukun suna nan tun fil'azal, da su aka yi halitta.

Hujjarta ta taso ne daga babin farko na Littafin Farawa, inda aka ce an yi mutum cikin kamannin Allah. Zuwa wannan aya, me mai karatu ya sani game da Allah? Abu ɗaya tak, cewa shi mai halitta ne. Ke nan, a ganinta, kamannin yana cikin iya ƙirƙira. Daga nan ta koma kan sana'arta. Kafin marubuci ya ɗora alƙalami, littafin na nan cikakke a ransa, farko da ƙarshe a dunƙule; wannan ta kwatanta da Uba. Sai aikin fito da shi fili, kalma bayan kalma, da gumi da gyare-gyare. Wannan shi ne Ɗa, Kalmar da Bisharar Yohanna ta ce ta wurinsa aka yi kome. Na uku shi ne ƙarfin da ke tashi daga rubutun ya kama mai karatu, har da marubucin kansa idan ya waiwayi aikinsa. Wannan shi ne Ruhu, wanda Farawa ta nuna yana shawagi bisa ruwaye. Cire ɗaya, babu littafi. Tunanin ya fara ɓullowa ne a jawabin rufe wasan kwaikwayonta The Zeal of Thy House, da aka nuna a Canterbury a 1937, kan William na Sens, maginin da ya sake gina sashen babbar majami'ar garin bayan gobarar 1174.

Babin da ya fi burge ni shi ne wanda ta auna marubuta da wannan ma'auni. Akwai mai babban tunani da ya kasa ba shi jiki. Akwai gwanin zuba kalmomi wanda in ka tona ba kome a ƙasa. Akwai kuma wanda zuciyarsa ke tafasa, ya ɗauka tafasar kaɗai ta isa ta motsa mai karatu. Duk editan da ya daɗe yana duba rubutun jama'a ya san mutanen nan uku, ko Kirista ne shi ko Musulmi. Haka ma bayaninta kan taurarin labari: marubucin kirki ba ya murɗe musu hali don labari ya tafi yadda yake so, kuma ta nan ta leƙa tsohuwar muhawarar ƙaddara da zaɓin ɗan Adam.

Misalin dai yana ɗingishi a wuri guda. Tunani da aiki da tasiri duk na mutum ɗaya ne, alhali majalisun Nikiya a 325 da Kustantiniya a 381 sun tsaya kan uku da ke bambanta da juna, ba fuskoki uku na mutum guda ba. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya gamu da irin wannan cikas lokacin da ya kawo misalin tunawa da fahimta da nufi, ya kuma yarda misalin bai kai ba. Sayers ma ta san kwatance take yi, amma daɗin hujjar kan ja ta har mai karatu ya manta da haka. Ga kuma tarin sunayen marubutan Ingila da ta jero a matsayin misali, waɗanda za su sa wanda bai tashi da adabinsu ba ya riƙa tsallake sakin layi.