Ba kowace rigimar masana ce ta cancanci littafi ba

Littattafan da ake ginawa a kan saɓanin manyan masana sun samu kasuwa, kuma David Edmonds da John Eidinow, waɗanda suka yi aikin jarida a BBC, suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan salo. Ina son salon ƙwarai, amma ina da sharaɗi.

Littafinsu na 2001, Wittgenstein's Poker, ya tsaya ne kan abin da bai wuce minti goma ba. Ranar 25 ga Oktoba 1946, masanin falsafa Karl Popper ya je Kwalejin King's da ke Kambirij don gabatar da jawabi. Ludwig Wittgenstein ya ɗauki ƙarfen tona garwashi daga murhu, yana magana yana kaɗa shi, ga Bertrand Russell a zaune. Can sai ya ajiye ƙarfen ya fice. Waɗanda suka halarta ma ba su yi ittifaƙi kan abin da ya riga wani faruwa ba. To amma a ƙarƙashin hayaniyar akwai tambaya mai nauyi: falsafa tana da matsaloli na gaske, kamar yadda Popper ya dage, ko kuwa harshe ne kawai yake rikita mu, kamar yadda Wittgenstein ya ɗauka? Mai karatu zai shigo kallon faɗa, ya tashi da wannan tambaya tana cinsa, ya kuma san birnin Biyana da ya haifi mutanen biyu, da yadda 'yan Nazi suka tarwatsa masanansa.

Littafinsu Rousseau's Dog na 2006 bai kai nan ba. Masanin falsafa David Hume ya kawo takwaransa Rousseau Ingila a 1766, ya nemo masa fansho daga Sarki George III, Rousseau kuma ya juyo ya zarge shi da ƙulla masa makirci. Labarin da daɗi, sai dai zargi ne da ɓacin rai. In ka cire sunayen, rigimar mai masauki da baƙonsa ce.

Sharaɗina shi ne a samu hujja tana karo da hujja. Muna da irin wannan a gida: wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu El-Kanemi na Barno suka yi musaya kan halaccin yaƙar Barno, waɗanda Bello ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri. Malamai biyu ne, kowa da dalilinsa, rayukan jama'a kuma suna tsakani. Marubutanmu, ku ɗauki wannan muhawara ku rubuta mana ita da Hausa, yadda ɗan sakandare zai karanta ya gane abin da kowannensu yake karewa.