Gwaranci ko Dabara? Tsokaci a Kan Hausar Ɗan Koyo a Wasanninmu

Duk mai sauraren wasannin kwaikwayo na Hausa ya san cewa babu hanyar da ta fi sauƙin sa jama'a dariya kamar a fito da wanda bai iya Hausa sosai ba. Da zarar ya kira mace da "shi", ko ya ce kasa a maimakon ƙasa, sai gida ya kaure da shewa. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a nuna cewa marubuta wasanninmu sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato kuskuren ɗan koyo da kuma dabararsa ta isar da saƙo.

Masana harshe sun daɗe da rarrabe su. A shekarar 1972 Larry Selinker ya lissafa dabarun sadarwa cikin abubuwa biyar da ke gina harshen ɗan koyo. A 1977 kuma Elaine Tarone ta kasa dabarun nan gida biyar: kauce wa batun da ya gagara, sake fasalin magana, jingina da harshen uwa, neman agajin abokin magana, sai kuma nuni da hannu ko fuska. A ƙarƙashin sake fasali ne ta sa kewaye da ƙirƙirar kalma, kamar mai koyon Turancin da ya rasa sunan balan-balan, ya haɗa kalmar iska da ta ƙwallo ya kira shi da su. Færch da Kasper, a littafin da suka tace a 1983, sun mayar da rabon gida biyu: ko dai mutum ya rage saƙonsa, ko kuwa ya yi fafutuka har ya isar da shi.

To, mu auna wannan da abin da ke gabanmu. Alal misali, baƙon da ya shiga kasuwa yana neman kwaɗo, sunan ya ɓace masa, ya ce a ba shi ƙarfen da ake kulle ƙofa da shi, ai bai yi kuskure ba ko ƙanƙane. Kewaye ya yi, kuma ya sami biyan bukata. Amma a yawancin wasanninmu ba a nuna wannan basira. Sai a cika bakin ɗan wasa da gurɓataccen lafazi da rikita jinsi, a mayar da shi wawa, alhali a zahiri ɗan koyo ya fi mai harshe aikin tunani a kowace jimla. Ita kanta kalmar "gwaranci" ta isa shaida, domin ta ɗauki sunan al'umma guda ta liƙa wa rashin iya magana.

A nan ne wasan Samanja Mazan Fama ya yi wa saura zarra. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi aikin soja, saboda haka ya san Hausar bariki daga tushe. Samanja yana gauraya Hausa da Turanci, yana ƙarasa zance da tsawa da motsin jiki, amma saƙonsa ba ya faɗuwa ƙasa. Ana dariya, sa'an nan ana bin umurninsa. Mai kallo yana tashi da sanin cewa barikanci harshe ne da ya haɗa sojoji masu harsuna daban-daban, ya yi musu aiki.

Sai dai su ma masanan akwai inda rabonsu ya gaza idan aka kawo shi ƙasar Hausa. Kauce wa kalma ba kullum ne yake nuna rashin saninta ba. Matar da ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ko ta ce "mai gidan" a maimakon sunan mijinta, kunya ce ta sa ta kewaye. Baƙon da ya koyi yin haka ya yi nisa a Hausa, amma mai bin jerin Tarone ido rufe zai iya rubuta masa gazawa. Haka nan ƙirƙirar kalma ba ta ɗan koyo kaɗai ba ce. Kakanninmu da suka ga keke suka ce dokin ƙarfe, suka ɗauki jirgin da suka sani a ruwa suka yi jirgin ƙasa da jirgin sama, wace dabara suka yi in ba wannan ba?

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce raha. Hausa ta bazu ne a bakin waɗanda ba su tsotse ta a nono ba, kuma duk wanda aka yi wa dariya sau biyu, a na uku shiru zai yi. Mu ma kanmu 'yan koyo ne a ajin Turanci da Larabci, kuma alhajinmu a kasuwar Makka da yatsa yake ciniki. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu rubuta wasanni a wannan ƙungiya da su saurari ɗan koyo da kyau kafin su kwaikwaye shi, su nuna yadda yake lalubo hanya idan kalma ta ƙare masa. Allah ya sa mu dace.