Talaka A Akwatin Talbijin: Tsokaci A Kan Yadda Wasan Kwaikwayo Yake Siffanta Marasa Hali

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1959 da aka buɗe gidan talbijin na farko a Ibadan, da kuma 1962 da aka buɗe na Kaduna, wasan kwaikwayo yake cikin shirye-shiryen da suka fi tara jama'a a gaban akwati. Manazarta adabi sun sha faɗa cewa wasan kwaikwayo madubi ne da al'umma take duba fuskarta a ciki. To amma madubi iri-iri ne. Akwai mai nuna fuska yadda take, akwai kuma mai karkatar da hanci ya faɗaɗa baki. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi irin hoton da wannan madubi yake nunawa na talaka, a kuma gano dalilan da suka sa hoton ya fito haka. Mun zaɓi talaka ne saboda shi ne mafi rinjaye a ƙasa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci ta fuskoki dabam-dabam, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Ke nan duk abin da aka faɗa a kan talaka, a kan mafi yawan jama'ar ƙasa aka faɗe shi.

2.0 Kamannin Talaka A Wasa

Idan aka yi nazarin wasannin da aka sha nunawa, za a tarar cewa kamanni uku ne aka fi fito da talaka da su.

2.1 Talaka Abin Dariya

Wannan ita ce kama mafi daɗewa. A wasannin Hausa, baƙauye ne yake ɗaukar wannan kaya. Da zarar ya shigo birni da sandarsa da buhunsa, mai kallo ya san abin da zai biyo baya: zai tsorata da fanka, ya gaishe da hoton bango, 'yan birni su damfare shi. Sau da yawa kuma akan ɗora masa wata ƙabila, a ce Bafillace ne ko Bamaguje, don dariyar ta ƙara armashi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne ƙwarai wajen fitowa a wannan matsayi, kuma ba mai musun baiwarsa. Sai dai waɗanda suka bi sawunsa da yawa sun ɗauki yagaggiyar riga da murguɗa baki, suka bar hikimar.

A wasannin Kudu kuwa, yaron gida da maigadi su ne abin dariyar. Gringory da Clarus na shirin New Masquerade barorin Cif Zebrudaya ne, kuma shirme da gurguwar fahimta su ne jarinsu. Shi kuwa maigadi, a wasanni da finafinai masu yawa Bahaushe ake mayar da shi: ga rediyo a kunne, ga goro a baki, ga gurɓataccen Turanci, ba ya buɗe ƙofa sai an daka masa tsawa. Mu da muke zaune a wannan sashe na ƙasa mun san nauyin wannan hoto, domin da shi ake auna mai gyaran takalmi da ɗan garuwa, har da ɗalibin jami'a idan ya sa hula. Amma kafin mu yi ƙorafi, ya kamata mu tuna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ake yi wa maigadi a Legas, shi muke yi wa baƙauye a Kano.

2.2 Talaka Abin Tausayi

Kama ta biyu ita ce ta talaka mai haƙuri. Galibi budurwa ce marainiya, ko tsohuwa mai sayar da ƙosai, ko saurayi mai takardu ba aiki. Ba ya faɗa, ba ya tambaya, sai hawaye da addu'a. A ƙarshe wani attajiri zai tsaya da mota a ƙofar gidansu, ya auri yarinyar ko ya ba saurayin jari, sai wasa ya ƙare a kan cewa mahaƙurci mawadaci. Haƙuri hali ne na gari, addini ya yi umurni da shi. Illar ita ce yadda wannan zubi yake koya wa mai kallo cewa hanyar fita daga talauci ɗaya ce tak, wato jinƙan mai kuɗi. Ba makaranta, ba sana'a, ba ƙungiya, ba neman hakki.

A wani zango na shirin Labarina, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020, an nuna attajiri Alhaji Mainasara ya ɓad da kama ya zama talaka don ya gane matar da za ta so shi tsakani da Allah. Labarin ya ja hankalin jama'a ƙwarai. Amma idan aka lura, talauci a nan riga ce da mai kuɗi yake sawa ya tuɓe a lokacin da ya ga dama, kuma talakawan su ne ake yi wa jarrabawa. Wanda ya ci, ladarsa dukiya. Ba a taɓa juya tambayar ba, a ce shi attajirin wace jarrabawa ya ci.

2.3 Talaka Abin Zargi

Kama ta uku ita ce ta talaka makwaɗaici ko mugu: uwar da take tura 'yarta wajen mai kuɗi, uban da yake karɓar kayan mutum biyu, ɗan daba a lungu, 'yar aiki mai hannun ɓera. Gaskiya ne akwai irin waɗannan mutane. Sai dai a wasa, laifin attajiri nasa ne shi kaɗai, akan ba shi tarihi da dalili, har a ba shi damar tuba. Laifin talaka kuwa sai a nuna shi kamar gado ne na duk wanda aka haifa a gidan ƙasa.

3.0 Harshe A Matsayin Ma'aunin Daraja

Wani abin da ya kamata ɗaliban harshe su lura da shi shi ne yadda ake rarraba karin harshe tsakanin 'yan wasa. Mai kuɗi da ɗan boko Kananci suke yi, suna tsarma Turanci. Idan aka ji Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar ƙauye, to galibi daga bakin direba ko maigadi ko boka suke fitowa, kuma an sa su ne don a yi dariya. Ta haka karin harshen da manyan malamai suka rubuta waƙoƙin wa'azi da shi tun ƙarni na 19 ya koma alamar jahilci a idon yaran yau. Haka kuma za a ga yarinya 'yar shekara ashirin ta kira dattijo mai furfura da gatsal, ta ce masa "kai", shi kuwa yana durƙuso yana "ranki ya daɗe". A tarbiyyar Bahaushe, shekaru suna gaba da dukiya, dattijo Baba ne ko da tsumma yake sanye da shi. Idan wasa ya nuna irin wannan raini ba tare da wani ya tsawata ba, to ya halatta shi ke nan.

4.0 Dalilan Da Suka Jawo Haka

Dalili na farko shi ne kuɗin shiri. A zamanin da gwamnati take ɗaukar nauyin gidajen talbijin, kamar NTA da aka kafa a 1977, manufar wasa ita ce wayar da kai. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai aka tura gidajen su nemo kuɗi da kansu, masu talla suka sami ta cewa. Mai tallar sabulu ko lemo kuwa ya fi son a ga hajarsa a falo mai kujerun alfarma. Da finafinan bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, kasuwa ce ta zama alƙali, kuma har yau da shirye-shirye suka koma YouTube, yawan masu kallo shi ne ma'auni.

Dalili na biyu shi ne ragwancin rubutu. Ƙirƙirar mutum mai rai aiki ne mai wuya, ɗauko tsohon zubi kuwa ba wuya. Marubucin da bai taɓa zama da ɗan dako ya ji yadda yake lissafin kuɗin haya da na magani ba, dole ya rubuta ɗan dakon da ya gani a wani fim.

Sakamakon haka, abu biyu suka ɓace daga hoton talaka: aikinsa da sanadin talaucinsa. Da wuya a ga manomi yana neman taki, ko mai adaidaita sahu yana haɗa kuɗin balas, ko malamin firamare yana jiran albashi. Talaucin da ba a nuna sanadinsa ba kuwa, mai kallo zai ɗauke shi ƙaddara ce kawai ko lalaci, kuma ba wanda za a tuhuma.

5.0 Inda Aka Yi Abin Yabo

Zai zama rashin adalci a ce duk kanwar ja ce. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya gina Samanja a kan rayuwar ƙananan sojoji a bariki, kuma dariyarsa takan hau sama, ta taɓa mai ba da oda. Shirin Cock Crow at Dawn, wanda aka fara a 1980 kuma marigayi Kasimu Yero ya fito a ciki, ya nuna iyalin da suka bar birni suka koma gona, ya ba noma darajarsa. A wannan zamani, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya zauna a unguwar talakawa, da almajiranta da 'yan gudun hijirarta da masu ƙananan sana'o'inta, kowa da halinsa na kirki da na tsiya. Kwana Casa'in kuma ya haɗa halin da asibiti da makaranta suke ciki da abin da ake ƙullawa a gidan gwamnatin Alfawa. Farin jinin da waɗannan shirye-shirye suka yi ya rushe hujjar masu cewa jama'a ba sa son ganin talauci. Abin da jama'a ba sa so shi ne a raina su.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa talaka yakan fito a wasa ne don a yi masa dariya, ko a tausaya masa, ko a zarge shi, kuma a duk ukun wani ne yake magana a kansa. Kalmar talaka kuwa tana da tarihi mai nauyi a ƙasar Hausa. A kanta aka kafa NEPU a 1950, kuma Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo don ya farkar da mai ita. Muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu da su yi wa kowane ɗan wasa da suka ƙirƙiro tambayoyi kaɗan: mene ne sunansa, da me yake ci, me yake so, wa ya tare masa hanya? Idan maigadi ya sami amsar waɗannan, ya tashi daga kayan ƙawata fage ya zama mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka a bar talaka ya faɗi nasa da bakinsa.